Yadda ake kama ɗakunan otal masu ƙofa a tsakani idan za ku fita hutu da iyali masu yawa

A gidanmu duk lokacin da aka ce za a fita hutu, ko bayan sallah ko dogon hutun yara, ni ake miƙa wa maganar ɗakuna, kuma na yi ta har na daina ƙirga. Abin da ya koya min hankali shi ne wata tafiya da muka yi shekarun baya, na kama ɗakuna ta intanet na biya kuɗi cas, na rubuta musu a ɗan akwatin buƙata ta musamman da ke ƙasan shafin cewa muna son ɗakuna masu ƙofa a tsakani, hankalina kwance. Muna isa aka ba ni ɗaki a hawa na 2 aka ba yarana a hawa na 5. Daren nan ban runtsa ba, autata lokacin tana shekara 4 ta farka wajen ƙarfe biyun dare tana kuka tana nemana, yayarta ta rasa yadda za ta yi sai ta riƙo hannunta suka fito neman lif su kaɗai a otal ɗin da ba su san kowa ba. Allah Ya tsare wani ma'aikaci ya gan su ya rako su. Tun daga ranar na gane cewa intanet ɗaki kawai take sayar miki, ƙofar tsakani kuwa mutum ne yake ba da ita, wato wanda yake zaune yana raba lambobin ɗakuna, in ba ki kai gare shi ba toh sai dai sa'a.

Ga yadda nake yi yanzu, ke 'yar uwa da aka ɗora wa wannan aikin karo na farko, kai ma maigida in kai ne mai yi duk ɗaya ne.

Abubuwan da za ki tanada kafin ki taɓa waya

Takarda da biro, ko wajen rubutu a wayarki. Sunan kowa da kowa kamar yadda yake a katin shaida ko fasfo, da shekarun yara ɗaya bayan ɗaya, shekarun gaskiya ba na kintace ba. Ranar shiga da ranar fita wadda kowa ya amince da ita. Lambar wayar otal ɗin ta ainihi da imel ɗinsu, ki ɗauko daga shafinsu na kansu. Katin banki da kika tabbatar yana aiki, in ƙasar waje ce ki gwada shi tun da wuri dan katin naira ba kullum yake wucewa ba. Sai kuɗin kowa a hannu, wannan kar ki yi wasa da shi, duk wanda ya ce ki biya zai turo miki daga baya toh ki bari ya turo tukuna, zumunci ya fi daɗewa a haka. Ranar tafiya kuma ki saka ɗan katako ko robar tokare ƙofa guda biyu a jaka, zan faɗi amfaninsu a gaba.

1. Ki san sunan abin da kike nema

Nan mutane da yawa suke faɗuwa. A wajen masu otal akwai abu biyu da suke kama da juna amma ba ɗaya ba ne. Na farko suna ce masa konektin, shi ne ɗakuna biyu da akwai ƙofa a bangon da ya raba su, kina shiga wajen yara ba sai kin fito waje ba. Na biyu suna ce masa ajoyinin, wannan maƙwabtaka ce kawai, bango ɗaya amma babu ƙofa, sai kin saka hijabi kin fito kin ƙwanƙwasa. In kika ce musu "muna son ɗakuna kusa da juna" toh na biyun za su ba ki kuma ba su yi miki laifi ba, abin da kika tambaya kenan. In ƙasar Larabawa ce, kamar Makka ko Madina ko Dubai, mai ƙofa shi ne guraf muttasila, na maƙwabtaka kuma mutajawira. Ni duk da haka ba na tsayawa kan kalmar, sai na ƙara da cewa "mai ƙofa a cikin bango tsakanin ɗakunan biyu", dan na sha haɗuwa da ma'aikacin da shi kansa yana cakuɗa su.

2. Ki raba mutane a takarda kafin ki nemi ɗaki

Wannan matakin shi ya fi cin lokaci kuma shi ya fi amfani. Ƙofar tsakani kusan kullum ɗaki biyu take haɗawa, da wuya ki samu uku a jere duk a buɗe, saboda haka bibbiyu za ki riƙa lissafi. Kuma yawanci yadda ake gina su ɗaya mai babban gado ne ɗaya mai ƙananan gadaje biyu, dama dan iyaye da yara aka yi su.

Bari na ba ki misalin tafiyarmu ta mutum 14. Hajiyarmu, Yaya da matarsa da yaransu 4, ni da maigidana da namu 3, ƙanwarmu budurwa, sai yarinyar da take taya mu raino. Ɗaki 5 na kama. Yaya da matarsa da jaririnsu a ɗaya, ƙofarsu ta buɗe zuwa ɗakin yara mata 3 tare da mai raino. Ni da maigida a ɗaya, tamu ƙofar ta buɗe zuwa ɗakin yara maza 3. Hajiya da ƙanwarmu suka samu nasu shi kaɗai a kusa da lif saboda ciwon gwiwarta. Kin ga ƙofa biyu kawai na roƙa ba biyar ba, kuma roƙon da ya yi ƙanƙanta shi ake saurin biya.

Ki duba waye zai zauna a bayan kowace ƙofa, dan ƙofar nan ba bango ba ce, magana tana ratsa ta, tari ma ana ji. Kar ki haɗa ɗakin ma'aurata da na surukai, kowa zai takura, Hajiya ba za ta faɗa miki ba amma ba za ta sake ba har a dawo. In maigida da mata biyu zai tafi, kowacce a haɗa ta da ɗakin 'ya'yanta, kar a haɗa ɗakunansu su biyun, kuma ɗakunan su zama iri ɗaya kuɗi ɗaya, kar ɗaya tana kallon ruwa ɗaya tana kallon wajen ajiye motoci, kin san abin da zai biyo baya. Yara da suka fara girma a raba maza da mata kamar yadda ake yi a gida.

3. Ki tambayi adadin mutanen da ɗaki yake ɗauka

Mu mun saba da a shimfiɗa katifa a ƙasa kowa ya samu waje, toh otal ba haka yake ba musamman na waje, kowane ɗaki da iyakar mutanen da aka yarda su kwana a ciki kuma suna danganta shi da dokar gobara, ba roƙon da zai canza. Ki tambaya ƙarara, manya nawa yara nawa, kuma daga shekara nawa suke lissafa yaro a matsayin babba, dan wurare da yawa daga shekara 12 ne. Ki tambayi ƙarin gado nawa ne a dare, gadon jariri kyauta ne ko da kuɗi, sannan karin kumallo na mutum nawa ne a kowane ɗaki, sau da yawa na mutum biyu ne kawai sauran sai an biya, in ba ki tambaya ba ranar fita za ki ga lissafin da ba ki san da shi ba. Dan Allah kar ki ɓoye yaro ko ki rage masa shekara, in suka gano a risefshan za su tilasta miki ƙarin ɗaki a farashin ranar, kuma wannan ƙarin ɗakin ba zai zama kusa da ku ba.

4. Ki kira otal ɗin kafin ki biya ko sisi

Manhajoji irin su Booking.com suna da amfani wajen ganin hotuna da kwatanta farashi da karanta abin da waɗanda suka kwana suka ce, ni ma a nan nake fara dubawa. Amma akwatin buƙata ta musamman da ke ciki su da kansu sun rubuta cewa ba tabbas ba ne, ya danganta da abin da ya samu. Saboda haka in na ga wajen da ya yi min sai na kira shi kai tsaye, ba lambar babban kamfaninsu ba, lambar ginin da za mu kwana. Ki nemi a haɗa ki da ofishin kama ɗakuna ko manajan risefshan. Ki kira da safe ranar aiki wajen ƙarfe 9 zuwa 11, kar ki kira da tsakar rana lokacin da masu fita da masu shiga suka cika musu gaba. In waje ne ki tuna bambancin lokaci, Saudiyya tana gabanmu da awa 2, Dubai da awa 3, kuma a Saudiyya Juma'a da Asabar ne hutun mako.

Tambayoyin da nake yi: kuna da ɗakuna masu ƙofa a tsakani, guda nawa ne a otal ɗin gaba ɗaya, a wane rukunin ɗaki suke, kuma za ku iya tabbatar min ko roƙo ne kawai za ku rubuta? Tambayar rukunin nan tana da muhimmanci sosai, dan wani lokacin masu ƙofar duk suna cikin rukuni ɗaya ne, in kika kama mai araha ko wanda ya fi tsada toh kin fita daga layinsu ba ki sani ba. In suka ce guda huɗu kawai suke da su a otal mai ɗaki ɗari biyu kuma lokacin sallah ne ko Kirsimeti, ki san cewa sai kin yi da gaske.

Akwai kamfanin da ya sauƙaƙa wannan, Hilton, tun 2021 suka fito da tsarin da suka kira Confirmed Connecting Rooms, a shafinsu ko manhajarsu za ki zaɓa a tabbatar miki tun lokacin biya, in dai kin kama aƙalla kwana 3 kafin isowa kuma otal ɗin yana cikin tsarin. Kalmar tsakiyar sunan nan ita ce rubutun konektin ɗin da za ki kwafa in za ki tura saƙo ga kowane otal.

5. Ki kama su a dunƙule, rana ɗaya

Kuskuren da iyalai suke yi shi ne kowa ya kama nasa, Yaya ta manhaja, ke ta waya, wani ta hannun ejan, sai otal ya ga baƙi daban daban da ba su san juna ba. Mutum ɗaya ya kama duka, in kuma dole kowa zai biya nasa toh ki tattara lambobin shaidar kama ɗakin da aka ba kowa ki tura musu ki ce a haɗa su a matsayin iyali ɗaya. Ɗakuna biyun da ke da ƙofa a tsakani lallai ranar shigarsu da ta fitarsu ta zama ɗaya, in ɗaya ya ƙara kwana ɗaya kawai yana iya ɓata lissafin. Kowane ɗaki a saka sunan babba a kansa ko da yara ne za su kwana, dan ba a rubuta ɗaki da sunan ƙaramin yaro.

Lokacin cunkoso ni wata 2 zuwa 3 kafin tafiya nake kamawa, in goman ƙarshe na Ramadan ne a Makka ma ya fi haka. Kuma ina zaɓar farashin da ake iya sokewa a dawo da kuɗi ko da ya ɗan fi tsada, tafiyar mutum 14 ba a rasa wanda zai fasa ko jarrabawar da za a ɗaga.

6. Ki karɓa a rubuce, sannan ki biya

"Ba damuwa Hajiya, za mu yi miki" a waya ba komai ba ne, wanda ya faɗa wataƙila ranar da za ku iso yana hutu. Ki ce a turo miki imel ko saƙon WhatsApp daga lambar otal ɗin da ke ɗauke da ranaku, yawan ɗakuna, waɗanda ke da ƙofa a tsakani, da jimillar kuɗi har da haraji. A Najeriya harajin VAT kashi 7.5 ne, kuma otal da yawa suna ƙara kuɗin hidima a kai, a Dubai kuma akwai kuɗin yawon buɗe ido da ake caja kan kowane ɗaki kowane dare, in ɗakunanki biyar ne kin ga ba ƙaramin abu ba ne. Ki karanta saƙon da kyau ki ga kalmar tabbatarwa suka yi amfani da ita ko ta roƙo. Ki rubuta sunan wanda kuka yi magana da ranar.

Wajen biya, asusun da ke da sunan otal ɗin kawai za ki tura wa, kar ki tura asusun wani mutum ko da ya ce shi ne manaja, akwai shafukan bogi a Facebook da Instagram da suke ɗaukar hotunan wuraren hutu suna karɓar kuɗin mutane. Ki ajiye rasit, ki ɗauki hoton saƙon a waya, ki kuma buga shi a takarda saboda ba ko'ina ake samun sabis ba.

7. Ki sake kira, sau biyu

Lambobin ɗakuna ba ranar da kika biya ake raba su ba, sai ana saura kwana kaɗan ko ma da safiyar ranar. Shi ya sa nake kira ana saura kwana 3 na ce dan Allah a ware mana ɗakunan tun yanzu a kulle su da sunanmu, sannan na sake kira da safiyar ranar na faɗi lokacin da za mu iso. In hanya ta riƙe ku ko jirgi ya yi latti ki sanar da su, in suka ji shiru har dare suna iya ba wani. Ki yi magana da ladabi, ki faɗi dalilinki, cewa akwai ƙananan yara da tsohuwa, wallahi mai raba ɗakunan nan mutum ne kuma yana tuna wanda ya mutunta shi.

8. Ranar isowa

Yawancin otal ƙarfe 2 ko 3 na rana ake shiga, a fita 12. Ki yi ƙoƙarin isa da wuri. In suka ce ɗaki ɗaya ya shirya amma abokin haɗinsa ana gyarawa, ga wani can daban in kuna sauri, kar ki karɓa, ku zauna ku jira ko ku je ku ci abinci ku yi sallah, gajiyar awa ɗaya ta fi ta kwana huɗu. Kafin a hau da kaya ke da mutum ɗaya ku je ku gani da idonku, a buɗe ƙofar tsakanin a gabanki dan wani lokacin sai ma'aikaci ya zo da makulli.

Yanzu ga amfanin abin tokare ƙofar. Yawanci ƙofar tsakani ƙyaure biyu ne a manne, kowane ɗaki da nasa, kuma fuskar da ke kallon ɗayan ɗakin ba ta da mariƙi. Ma'ana in yaro ya tura nasu ƙyauren ya rufe, ke daga ɓangarenki ba abin da za ki kama ki buɗe. Ki tokare duka biyun tun daga shiga, hakan kuma yana kare yatsun yara dan ƙofofin suna da nauyi. Ki karɓi katin ɗakin yara ki riƙe ɗaya a wajenki. Da dare ki saka sakatar ƙofarsu ta waje dan kar wani ya fita, amma sai kin tabbatar ta tsakanin a tokare take, in ba haka ba kin kulle su ciki ke kina waje. Ki kulle ƙofar baranda, ki ce a kwashe kayan ƙaramin firjin ɗakinsu, kuɗinsu ya ninka na kasuwa kuma a wasu wuraren har da giya a ciki. In wutar ɗakin da kati take aiki ki nemi ƙarin kati dan kar a zare a bar yara cikin duhu da zafi.

In ba a samu mai ƙofar ba

Yana faruwa duk da kin yi komai daidai. Ki nuna takardarki cikin natsuwa ki nemi manaja, ki tambaya ko za a iya mayar da ku gobe in wasu sun fita, sau da yawa ana samu. Kafin nan a ba ku maƙwabta ko masu kallon juna a ƙarshen layi inda ba mai wucewa, sannan ku sake rabon kwana, uwa ta kwana da mata da ƙanana, uba da maza, kar a bar ɗakin da babu babba. Ki tambayi farashin babban ɗaki mai falo da ɗakunan kwana biyu, wani lokacin kuɗinsa bai wuce na ɗaki biyu ba kuma ga wajen zama a ci abinci tare. Ko gidan haya na kwanaki mai kicin, in akwai mai cin abincin da sai an dafa masa daban.

Wasu wuraren kuma dama ba a gina su da irin wannan ƙofar ba. Yankari a jihar Bauchi misali, masaukin sansanin Wikki ɗakuna ne a warwatse a fili kusa da ruwan ɗumin nan da ba ya sauka daga digiri 31, daga ƙofar shiga ta Mainamaji ma sai kin yi tafiyar kusan kilomita 40 cikin daji kafin ki kai. A irin nan abin da za ki roƙa shi ne ɗakunan da ke jere da juna ko babba guda mai ɗakuna a ciki, ki ce a sa Hajiya inda ba ta da nisa da wajen cin abinci. Kuma a nan dole kowane ɗaki da babba a ciki, dan gwaggon biri da mugun dawa suna yawo a tsakar sansanin, birran sun iya fizge leda daga hannun yaro kuma in suka ga ƙofa ko taga a buɗe shiga suke, saboda haka ki gaya wa yara tun a mota cewa ba mai fita da abinci a hannu, ba mai zuwa ɗakin wani da dare sai da rakiyar babba da tocila.